Inda Waya Ke Kwana: Tarihin Mazaunin Waya, daga Ramin Laitar Mota zuwa Rumfar Caji a Jahun

Kalmar “waya” ta shigo Hausa ne tare da zaren ƙarfen da Turawan mulkin mallaka suka miƙa a kan turaku domin aika saƙon tangarahu a farkon ƙarni na 20. Daga wannan zare aka samu gidan waya, aka samu wayar tarho, daga bisani kuma aka samu wayar salula, wadda aka yi wa laƙabi da tafi-da-gidanka saboda ta rabu da zaren. Sai dai rabuwar ba ta taɓa cika ba. Wayar da ke aljihun malamin makaranta a Jahun, da ta dillalin shinkafa a Gujungu, da ta ungozoma a Harbo, kowacce dole ne ta koma jikin wata igiya ta sha wuta, kusan kullum. Abin da ke riƙe da ita a wannan lokaci, a cikin mota ko a gefen gado ko a kan katakon mai caji, shi ake nufi da mazaunin waya.

Ƙaramin abu ne da akan saya a gurguje, sau da yawa a hannun yaro mai talla a tasha. Amma kuskure wajen zaɓensa yana iya lalata batirin wayar da ta ci albashin wata guda, ko ya ɗauke idon direba daga hanya, ko ya bar gida da matacciyar waya a daren da naƙuda ta tashi. Tarihinsa na kusan shekara 80 yana nuna irin mazaunin da ya daɗe da irin wanda ya mutu tare da wayar da aka ƙera shi dominta. Yana kuma bayyana dalilin da ya sa mazaunin da aka tsara don ɗakin otal a Amurka yake gazawa a fadamar kogin Haɗejiya.

A mota aka haifi tafi-da-gidanka

Wayar da ake yawo da ita ta fara rayuwa ne a matsayin kayan mota. Ranar 17 ga Yunin 1946 kamfanin Bell ya buɗe hidimar tarho ta cikin mota a birnin St. Louis na Amurka. Nauyin na'urar ya kai kilo 36, mafi yawanta a cikin but take, kan tarhon kaɗai ke rataye kusa da direba. Dalilin zaɓen mota shi ne wuta: a wancan zamani babu batirin da mutum zai iya ɗauka wanda zai ciyar da irin wannan na'ura, sai batirin mota da injin da ke cika shi. Sai ranar 3 ga Afrilun 1973 Martin Cooper na kamfanin Motorola ya buga kira a titin New York da wayar da ake riƙewa a hannu, kuma sai da aka ƙara shekara 10 kafin irinta, DynaTAC 8000X, ta samu izinin shiga kasuwa a 1983. Ita ma takan shafe kusan sa'a 10 tana caji domin maganar rabin sa'a.

Ramin da ke shayar da waya a mota kuwa ya girmi wayar kanta. Tun tsakiyar shekarun 1920 motocin Amurka suka fara zuwa da laitar lantarki ta kunna sigari, a shekarun 1950 kuma masu ƙera motoci suka tashi daga batir mai volt 6 zuwa mai volt 12. Ba wanda ya tsara wannan rami domin ya zama soket. Shi ya sa har yau kan caja yake zama a cikinsa sakwa-sakwa, ƙananan ƙarafa masu tsalle ne kawai ke tokare shi, kuma gargada kaɗan ta isa ta turo shi waje. Duk da wannan aibi, da yake kusan kowane kamfani ya bi girma ɗaya, sai ramin ya zama soket ɗin da ya yaɗu a duniya. Tsohuwar Fijo 504 irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, da Golf 'yar Kwatano da ke jigila tsakanin Dutse da Jahun, da sabuwar Hilux ta ma'aikata, duk rami ɗaya gare su. Sababbin motoci da yawa sun daina zuwa da laitar kanta, amma ramin yana nan.

Mazaunin da ya mutu da ubangidansa

Mazaunin tebur ya zo daga wata hanya dabam. A 1996 aka fitar da ƙaramar kwamfutar aljihu mai suna Palm Pilot tare da wani ɗan gurbi da ake tsayar da ita a ciki, a danna maɓalli ɗaya bayananta su daidaita da na kwamfuta. Amma wanda ya mayar da mazauni babbar kasuwa shi ne kamfanin Apple. A watan Afrilun 2003 ya fitar da iPod, na'urarsa ta sauraron kiɗa, da wani faffaɗan baki mai haƙora 30 a ƙasanta. Ta wannan baki ɗaya wuta ke shiga, sauti ya fita, bayanai su kai su komo. Nan da nan wasu kamfanoni suka gina sana'a a kansa. Bose ya fitar da lasifikar SoundDock a 2004, a shekarar ce kuma BMW ya fara haɗa iPod da rediyon motocinsa. Agogunan gefen gado masu gurbin iPod suka cika ɗakunan otal. Da iPhone ta zo a 2007, iPad kuma a 2010, duk suka gaji wannan baki.

A watan Satumban 2012 Apple ya fitar da iPhone 5 da sabon siririn baki mai suna Lightning, mai haƙora 8. A rana ɗaya lasifikoki da agoguna da igiyoyin mota da aka tara cikin shekara 9 suka zama marayu, sai wanda ya yarda ya biya dala 29 ya sayi ɗan mahaɗi. Bayan shekara 11, a 2023, aka sake maimaita labarin lokacin da iPhone 15 ta koma bakin USB-C. A ɓangaren Android ma haka aka yi ta wata siga. Motorola Droid ta 2009 da Nexus One ta 2010 sun zo da mazaunin mota da na gefen gado waɗanda aka zuba daidai da jikinsu, har wayar takan gane inda aka ɗora ta, ta juya fuskarta zuwa taswira ko agogo. Abin sha'awa ne, amma ranar da mai wayar ya canza ta, ranar mazaunin ya zama shara.

Aiki uku mazauni ke yi a wancan zamani: ya riƙe waya, ya shayar da ita wuta, ya kuma kai sauti ko bayanai wani wuri. Aiki na uku ya kuɓuce masa lokacin da Bluetooth da Wi-Fi suka yaɗu, sannan CarPlay a 2014 da Android Auto a 2015 suka mayar da fuskar waya kan allon sababbin motoci. Riƙo da shayarwa ne suka rage, kuma su biyun babu wanda ke bukatar a ƙera mazauni don waya guda.

Yadda aka haɗa bakin caja

Duk wanda ya riƙe waya a shekarun 2000 ya san tambayar da akan yi a gidan biki ko a ofis: cajar Nokia mai babban baki ce ko mai ƙarami? Motorola da Samsung da Sony Ericsson kowa da irin tasa, wani lokaci ma kamfani ɗaya da baki iri-iri. Ƙasar Sin ta sa hannu a lamarin, inda a ƙarshen 2006 ta fitar da ƙa'idar da ta ce kan caja ya kasance mai ƙofar USB, a kuma raba shi da igiya. A 2007 aka fitar da bakin micro-USB, a watan Yunin 2009 kuma manyan masu ƙera waya suka rattaba hannu a kan yarjejeniya da hukumar Tarayyar Turai cewa za su bi shi. An kammala tsarin USB-C a watan Agustan 2014, baki ne da ke shiga ta kowace fuska kuma yake ɗaukar wuta mai yawa. A 2022 Tarayyar Turai ta mayar da shi doka, tana kafa hujja da cewa kimanin tan 11,000 na caja ake zubarwa a ƙasashenta duk shekara, kuma dokar ta fara aiki ranar 28 ga Disamban 2024.

Gefe guda kuma ana ta neman hanyar rabuwa da igiyar gaba ɗaya. An fitar da tsarin cajin da ba ya bukatar igiya mai suna Qi a 2010, Nokia Lumia 920 ta zo da shi a 2012, iPhone ta karɓe shi a 2017. A 2020 Apple ya ƙara masa zoben maganaɗisu da ke daidaita waya a kan faifan caji, a 2023 kuma aka shigar da wannan dabara cikin tsarin Qi2 domin kowane kamfani.

Nijeriya ba ta zauna a teburin da aka yanke waɗannan shawarwari ba, amma tana gadon sakamakonsu, domin masana'antun Shenzhen kaya ɗaya suke ƙera wa duniya. Sai dai gadon yakan iso a makare kuma a cakuɗe. A kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut a Kano, inda 'yan kasuwar Jigawa da yawa ke sarin kaya, zamani uku ne ke zaune a shago ɗaya: ƙananan wayoyi masu maɓalli da har yanzu ke zuwa da micro-USB, da iPhone 'yan gwanjo masu Lightning, da sababbin wayoyi masu USB-C. Gida ɗaya a Jahun yana iya ƙunsar duka ukun.

Waya ta riga wuta isa fadama

A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ƙarƙashin Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne. A watan Agustan shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Kafin nan layukan tarho masu aiki a faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Da farko layi kaɗai yakan kai naira 20,000, kira kuma naira 50 a minti ɗaya, har sai da Globacom ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, farashi ya fara sauka. Sabis ya fara da manyan birane, ya bi manyan tituna, sannu a hankali ya gangara garuruwa da ƙauyuka.

Jahun ƙaramar hukuma ce a masarautar Dutse, cikin jihar Jigawa da aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agustan 1991, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane sama da 200,000. Ita da maƙwabtanta irin su Miga da Auyo da Kafin Hausa suna cikin ƙasar da kogin Haɗejiya ke shayarwa yake kuma yi wa ambaliya, ƙasar shinkafa da alkama da kifi da kiwo. A irin wannan wuri waya ta samu aiki tun ranar farko: jin farashin buhu kafin a ɗauki mota, kiran mai injin ban-ruwa, sanar da 'yan uwa cewa ruwa ya taso. Tun 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki a sashen haihuwa da na masu yoyon fitsari a babban asibitin Jahun, inda ake kawo mata daga nesa. Ga iyalin da ke ƙauye, tafiya zuwa wannan asibiti da dare takan fara ne da kiran mai mota ko mai babur.

Matsalar ita ce turakun sabis sun zo da janaretocinsu, mai waya kuwa ba shi da nasa. NEPA ta zama PHCN a 2005, a watan Nuwamban 2013 aka miƙa rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa ga KEDCO, amma ƙauyuka da yawa ba su taɓa ganin turken lantarki ba, inda yake kuma wutar ba ta da lokacin zuwa. Daga wannan giɓi aka haifi rumfar caji: faffaɗan katako da aka jera wa soket da dama, ƙaramin janareta a bayan rumfa, a manna wa kowace waya lamba, a bai wa mai ita ɗan kati. Ga dubban mutane wannan katako shi ne mazaunin gefen gado, sai dai yana kasuwa, kuma biya ake yi.

Masu rumfa sun warware matsalar baki iri-iri tun kafin Turai ta yi dokarta. Makaminsu shi ne wata 'yar caja mai matsewa: a cire batir daga waya, a ɗame shi a ciki, a daidaita ƙananan ƙarafa biyu a kan bakinsa, a soka a soket. Ba ruwanta da sunan kamfani. Ta ja baya ne lokacin da masu ƙera wayoyin komai-da-ruwanka suka fara rufe batir a ciki, amma har yau tana yi wa masu ƙananan wayoyi aiki. Su ma kamfanonin da suka fahimci wannan kasuwa, musamman Transsion mai Tecno da Itel da Infinix, sun amsa da batir mai girma, har mAh 5,000 ya zama ruwan dare, domin wayar ta jure nisan da ke tsakaninta da wuta.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara matsa lamba. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun cinye gonaki da gidaje a kwarin Haɗejiya, sun yanke hanyoyi. Cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 ya tsadar da kunna janareta, masu rumfa da yawa suka koma kan sola. A watan Oktoban 2024 lalacewar manyan layukan wuta ta jefa mafi yawan jihohin Arewa cikin duhu sama da mako guda. Ita sola ba baƙuwa ba ce a jihar, domin tun farkon shekarun 2000, zamanin gwamna Ibrahim Saminu Turaki, ƙungiyar Solar Electric Light Fund ta Amurka ta kafa ta a wasu ƙauyuka uku na Jigawa. Abin da ya canza shi ne yanzu ta sauko cikin fitila da fanka da ƙaramin akwatin gida, kowanne da ƙofar USB mai volt 5.

Gefen gado, cikin gidan sauro

Kafin waya, abin da ke kwana kusa da matashin kan Bahaushe rediyo ne da tocila. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Deutsche Welle a 1963, na Muryar Amurka a 1979, kuma ƙaramar rediyo mai batir ba ta taɓa jiran NEPA ba. Waya ta haɗiye rediyon da tocilar da agogon tashin asuba, amma ba ta gaji 'yancinsu ba, domin batirinta ba a sayensa a kanti a sauya.

Mazaunin gefen gado irin na otal yana zato abu huɗu: akwai durowa kusa da gado, akwai soket a bayanta, wuta za ta kwana, ɗakin kuma da sanyi. A Jahun da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, mutane da yawa a tsakar gida suke kwana. Da damina kuma sauron fadama yakan tilasta shiga gidan sauro, wayar ma ta bi mai ita ciki, ta kwana a kan katifa ko ƙarƙashin matashi tana jone da fawa banki. Nan haɗarin yake. Batirin lithium, wanda Sony ya fara sayarwa a 1991, yana fitar da zafi yayin caji, soson katifa kuma yana tsare zafin. Apple da kansa ya rubuta cewa a yi amfani da wayoyinsa tsakanin digiri 0 da 35. Zafin da ya wuce haka yana tsufar da batir da wuri, yana kumbura shi, idan kuma batirin ko cajar jabu ne yana iya kaiwa ga gobara a wurin da ke kewaye da yadi da soso.

Saboda haka mazaunin da ya dace da irin wannan ɗaki mai sauƙi ne: ƙafa mai tauri da ke ɗaga waya daga katifa, ta bar iska tana ratsa bayanta, a ajiye ta a kan kujera ko dandamali a wajen gidan sauro. Faifan cajin da ba ya bukatar igiya yana da daɗin amfani, amma yana zubar da wani kaso na wutar a matsayin zafi fiye da yadda igiya ke yi. Ga wanda ke shan wuta daga ƙaramin akwatin sola, wannan asara biyu ce. Lissafin ma a bayyane yake. Batirin waya mai mAh 5,000 yana ɗauke da kimanin wat 19 na sa'a guda, fawa banki mai mAh 10,000 kuma kimanin 37, amma kusan kashi ɗaya cikin uku yakan salwanta wajen juya wutar. Abin da zai bayar cikawa ɗaya ce da ɗan ƙari. Kwamfutar hannu mai kama da allo, wato tabilet, wadda ma'aikatan lafiya da masu tattara bayanai ke yawo da ita, ta fi haka ci. Cajar iPad ta farko ma wat 10 ce, a lokacin da ta waya take wat 5.

Akwai kuma batun soket. Nijeriya ta gaji tsarin Ingila na 1947, mai ƙafa uku masu kusurwa da fiyus a ciki, amma caja da yawa masu araha ƙafa biyu zagayayyu gare su, irin na Turai. Akan tura su da tsinke ko murfin biro. Zamansu ba ya yin daidai, sukan yi tartsatsi, kuma idan wuta ta dawo da ƙarfi tsakar dare babu mai farkawa ya cire.

Zafi, ƙura da gargada

A mota ma ƙasa ce ke yanke hukunci. Mariƙin da ya fi yawa a kasuwa shi ne mai roba da ke kama gilashin gaba. Aikinsa irin na ƙahon wanzami ne: a fitar da iskar da ke ciki, iskar waje ta danne shi. Ƙahon yana kamawa ne muddin bakinsa a rufe yake ruf. Ƙurar hunturu da ke sauka daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana shiga tsakanin roba da gilashi, zafin bazara kuma yana sassauta robar, sai mariƙin ya faɗo, sau da yawa a daidai lokacin da mota ta faɗa rami. Ko da ya kama, wurin da yake ajiye waya shi ne mafi muni a motar. Saman dashbod a rana yakan haura digiri 60, wayar da ke nuna taswira tana kuma caji a bayan gilashi tana fama da zafi uku ne lokaci guda, na rana da na aiki da na caji. Wayoyi da yawa sukan rage hasken fuska ko su dakatar da caji da kansu idan abin ya yi yawa.

Mariƙin da ke maƙalewa a ƙofar iskar na'urar sanyaya mota ya fi sauƙi ga batir, idan na'urar tana aiki. A tsofaffin motocin haya kuwa sau da yawa ba ta aiki, robar ƙofar ma ta bushe, nauyi kaɗan ke karya ta. Mariƙi mai dogon wuya yana ninka kowace girgiza, musamman a hanyoyin burji da ke shiga ƙauyukan fadama. Waya nauyinta bai wuce giram 200 da 'yan kai ba, tabilet kuwa ta kusa rabin kilo, don haka wurinta bayan kujera ne domin fasinja, ko kan ƙafa mai kusa da aka ɗaure a jikin mota. Mariƙin maganaɗisu yana da sauƙin ɗorawa da hannu ɗaya, sai dai faifan ƙarfen da ake mannawa a bayan waya yana hana cajin da ba na igiya ba, yana kuma ɗaukar zafi idan aka gwada. Masu babur, waɗanda su ne ainihin sufurin fadama, suna da tasu damuwar: a watan Satumban 2021 Apple ya yi gargaɗin cewa karkarwar injin babur na iya lalata na'urar daidaita kyamara, ya ba da shawarar mariƙi mai shanye girgiza ga masu ƙananan babura.

Kan cajar mota aikinsa shi ne ya sauko da wutar da ke kai-komo tsakanin volt 12 da 14 zuwa abin da waya ke sha. Manyan motocin ɗaukar kaya volt 24 suke amfani da shi, saboda haka direban tirela sai ya duba cewa an rubuta 12 zuwa 24 a jikin cajar. Ƙofar USB da ke jikin rediyon wasu motoci an yi ta ne don karanta waƙoƙi, wat 2.5 kawai take bayarwa, har waya na iya raguwa alhali tana jone. Caja mai alamar PD tana yin shawara da waya a kan ƙarfin da za ta ba ta. Ita kuwa wadda ba ta da suna ba ta da nauyi, araha ba ta ado.

Sama da duka akwai rai. Dokar 2007 ta hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta haramta amfani da waya yayin tuƙi. Mariƙi yana sauke waya daga hannu, amma ba ya mayar da ido kan hanya. A titin da ke ratsa garuruwa, inda amalanken shanu da yara da masu babur ke fitowa ba sallama, wurin da ya dace shi ne inda direba zai saci kallo ba tare da ya sunkuya ba, inda kuma mariƙin bai tare gilashi ko hanyar jakar iska ba.

Abin da ya daɗe

Idan aka jera kayan tarihin nan, waɗanda suka rayu su ne waɗanda ba su da ubangida ɗaya. Ramin laita ya kusa shekara 100. Volt 5 na USB yana nan tun 1996. Waɗanda suka mutu kuwa su ne aka ɗinka wa waya guda: lasifika mai haƙora 30, mazaunin Nexus One, agogon otal. Mai saye a Jahun ko Haɗejiya ya fi tsira idan ya raba abin gida uku. Mariƙi ya zama mai buɗewa da matsewa, wanda zai karɓi wayar bana da ta baɗi. Kan caja ya zama mai ƙofar USB, mai suna da za a iya nema, domin shi ne ke tsakanin waya da wuta marar tabbas. Igiya kuma ta zama mai cirewa, tunda ita ce mafi araha, ita ke fara tsinkewa, ita ce kuma ke canzawa duk lokacin da wani kamfani ya canza baki.

Masu rumfar caji sun daɗe da gane haka. Katakon da aka kafa wa soket zamanin Nokia mai tocila yana iya yin aiki har yau, ko da janareta ya koma faifan sola a kan rufin rumfa. Abin da mai rumfa ke sauyawa duk 'yan shekaru shi ne damin igiyoyin da ke rataye a ƙusa.